NNS Aradu a kan sikeli: haja mai kyau, riƙo mai wuya

Sunan kaɗai ya isa ya ja hankalin Bahaushe. Jirgin ruwan yaƙi mafi ƙarfi da Najeriya ta taɓa saye sabo fil daga maƙera sunansa Aradu, lambar da ke jikinsa kuma F89. Republic aka fara raɗa masa, sai a watan Nuwamba na 1980 aka sauya. Ba shi kaɗai ne mai sunan Hausa a rundunar sojojin ruwa ba, an yi Dorina, an yi Damisa, amma shi ne babbansu. Shi ya gaji matsayin jagoran jiragen rundunar daga tsohon NNS Nigeria (NNS na nufin jirgin sojojin ruwan Najeriya), wanda aka ƙera a Holan, daga baya aka mayar da sunansa Obuma. A nan za mu ɗora shi a sikeli kamar kowace haja: me mai sayarwa ya ce za ta yi, me ta yi, daga ina ta fara ciwo, kuma ciwon daga maƙera ya fito ko daga hannun mai riƙo.

Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta ba kamfanin Blohm + Voss na birnin Hambug a Jamus ta Yamma kwangilar a ƙarshen 1977, lokacin da kuɗin mai ke kwararowa. An fara haɗa ƙarfensa a Disamba 1978, aka tura shi ruwa ranar 25 ga Janairu 1980, ya iso Legas a Disamba 1981, aka ƙaddamar da shi a Fabrairu 1982, zamanin Shugaba Shagari. Tsawonsa mita 125.6, faɗinsa mita 15, nauyinsa in an cika shi da mai da makamai tan 3,360. Ma'aikatansa 195, cikinsu hafsoshi 26. Irinsa ake kira firigat, wato matsakaicin jirgin yaƙi mai cin dogon zango, wanda zai iya faɗa da jirgin ruwa, da jirgin sama, da mai nutsewa ƙarƙashin teku.

Abin da ya bambanta shi da tsararsa shi ne tsarin ƙira mai suna MEKO, kuma Aradu ne jirgi na farko a duniya da aka ƙera a kan wannan tsari. Kafin nan, igwa da rada da na'urorin sarrafa wuta a cikin jirgi ake haɗa su, waya bayan waya, bayan an gama ƙera jikin. Injiniyoyin Hambug sai suka ce a zuba kowane makami da kowace na'ura a akwatin ƙarfe mai awo guda, a gwada shi a masana'anta, jikin jirgi kuma a bar masa ramuka daidai awon akwatunan, da bakin wayar lantarki da na ruwan sanyaya da na saƙonni a wuri sananne. Ranar haɗawa ƙugiya ta ɗauko akwati ta saka a gurbinsa, a daidaita, a ɗaure. Alkawarin da ke cikin tallan shi ne, in makami ya tsufa, a cire akwatinsa a saka sabo ba tare da an farke jirgi ba.

Dabarar ta yi, kasuwa ma ta shaida. Ajantina ta sayi huɗu masu jiki irin na Aradu, wato zubin MEKO 360. Ƙannensa na zubin MEKO 200 sun je Turkiyya da Fotugal da Girka da Ostareliya da New Zealand, sabbin zubi kuma suka je Afirka ta Kudu da Aljeriya da Masar. Sai dai akwai abin da talla ba ta faɗa: sauƙin cire akwati bai rage kuɗin sabon akwati ba. Aradu ya shekara fiye da talatin da akwatunan da ya zo da su. Falalar da aka biya kuɗinta tun farko ba a more ta ba.

Jikin jirgin ba abin kushewa. Ƙarfen da ya kafe a ƙasa har sau uku, ya yi mummunan karo, ya yi shekaru a ɗaure cikin ruwan ɗumi mai cin ƙarfe, sannan ya tashi ya ƙetare Tekun Atalantika yana da shekara 25, maƙerinsa ya fita kunya.

Ɗakin inji ne wurin da ya kamata a daɗe, don a nan yawancin labarin yake. Jirgin na da farfela biyu, kowace da sandarta, kowace sanda kuma inji biyu ke iya juya ta, amma ba a tare ba. Na tafiyar yau da kullum dizal ne, MTU 20V 956 TB92 mai silinda 20. Biyun sun haɗa ƙarfin doki sama da 10,000, suna kai jirgin gudun not 18, kimanin kilomita 33 a awa. Na gaggawa kuma tabain ne, wato inji mai fukafukai da zazzafar iskar ƙonewar mai ke juyawa, Rolls-Royce Olympus TM3B, ɗan gidan injin da ya ɗaga jirgin sama na Concorde, aka gyara shi don teku. Biyun ƙarfin doki 50,880, gudu not 30.5, wajen kilomita 56 a awa. In kwamanda ya nemi gudu, a tayar da tabain, yana wuce saurin dizal kulocinsa ya kama da kansa, na dizal ya saki. Farfelar kuma irin wadda fukafukanta ke juyawa a gindinsu ce da ƙarfin man haidurolik, saboda haka ana iya ja da baya ba tare da inji ya sauya juyi ba.

A takarda tsari ne mai hikima. Da dizal, jirgin zai yi mil ɗin teku 6,500 a gudun not 15, kusan kilomita 12,000, bai sha mai ba. Tabain kuwa cikin 'yan mintuna yake kaiwa cikakken ƙarfi daga sanyi. Amma a duba cikinsa: Olympus ɗaya in an buɗe masa wuta yana shan mai sama da tan 5 a awa, dizal ɗaya kuwa wajen tan 1. Rundunar da kasafin manta ke da ƙunci ba za ta riƙa kunna tabain ba, kuma tabain da ba a kunnawa ya fi wanda ake mora saurin mutuwa.

Dalili kuwa gishiri ne da ruwa. Tabain na zuƙar iska mai ɗimbin yawa, iskar teku kuma da gishiri take tafe. A bakin mazuƙar akwai matatai masu tare feshin ruwa. In suka yage ko suka toshe, gishiri ya wuce ya manne a fukafukan da ke matse iska, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Maganinsa wanki a kai a kai da tataccen ruwa, ana juya injin ba wuta, sannan a kunna shi ya bushe. In aka yi sakaci gishirin ya kai ɓangaren wuta, sai ya haɗu da farar wutar da ke cikin mai, su riƙa cin fukafukan da ke jure zafi, har su yi ramuka. Nan kuma gyara ya wuce na cikin jirgi. Zuciyar injin ake cirowa gaba ɗaya a aika masana'anta, a saka wata da ke ajiye. Wanda bai sayi ta ajiya ba, jirginsa ne zai zauna jira.

Man ma da nasa. Tankin jirgin da ke zaune a ƙasa mai zafi da laima yana yin gumi ta ciki, ruwa ya taru a ƙasan mai, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama baƙin kauri mai toshe matata, mai cin gindin tanki. Shi ya sa ake zuƙe ruwan ƙasan tanki a kan ƙa'ida, ake bi da mai ta injin wulwulawa mai raba shi da ruwa da datti kafin ya shiga tankin sha. Dizal kan haƙura da ɗan gurɓataccen mai na wani lokaci, ya yi hayaƙi, nozul ɗinsa su lalace a hankali. Tabain ba ya wannan haƙurin.

Su ma dizal ɗin ba na wasa ba ne. Injuna ne masu saurin juyi da ƙarfi mai yawa a ƙaramin jiki, irin waɗanda ke son a bi littafinsu awa bayan awa: canjin mai, gwajin nozul, duba na'urar turbo mai cusa wa inji iska, buɗe kan silinda in lokaci ya yi ko da inji na tafiya lafiya. Ruwan teku ke sanyaya ruwan da ke sanyaya su, ta cikin ƙananan bututu. A tashar da ruwanta ke da laka da shara da leda, ragar bakin famfo kan toshe, bututun su cushe da ƙananan halittu masu ɓawo, zafin inji ya hau. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke nuna aibin ƙira. Aibin, in aibi ne, shi ne an sayar da inji mai neman kulawar yau da kullum ga rundunar da ba a ba ta kuɗin yau da kullum ba.

Shekarar 1987 ce ta karya ƙashin bayan aikinsa. A cikinta ya kafe sau biyu, ya kuma yi babban karo. Mai kallo daga gaɓa zai ɗauka kafewa abu ne na a jawo jirgi a shafa fenti. A jirgi irin wannan ba haka ba ne. Jikinsa mita 4.3 yake nutsewa, amma farfelarsa ta kai mita 5.8 a ƙasa, ga kuma kumburin na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa, sona ƙirar Atlas, a ƙasan jiki ta gaba. Wato abubuwan da suka fi tsada da laushi su ke fara taɓa ƙasa. Fukafukin farfela ya lanƙwashe, sanda ta goce daga saiti ko da da ɗan kaɗan ne, girgiza ta fara. Girgizar ta bi sanda ta cinye boris, ta buɗe roba mai tare ruwa, ta isa giya. In robar cibiyar farfela ta buɗe, ruwan gishiri ya shiga man haidurolik, fukafukai su daina amsa umarni. Gyaran gaskiya sai an hau busasshiyar tashar gyara, a zare sanda, a auna miƙewarta, a sake saita ta da giya. Aiki ne na watanni da ƙwararru, ko da kuɗi na hannu.

Kuɗin kuwa a lokacin ne suka ƙafe. Farashin mai ya faɗi a 1986, a shekarar aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta zube, kowane ƙusa na jirgin kuma da kuɗin waje ake sayensa. An shiga babban gyara a tashar sojojin ruwa ta Wilmot Point a Legas, da taimakon maƙeransa, ba a fito ba sai farkon 1994. Wajen gwajin bayan gyara ya sake kafewa. A 1995 masu lura da harkar jiragen yaƙi sun yanke cewa gyaransa ya fi ƙarfin amfaninsa. Duk da haka ya fita teku a 1996. A 1997, zamanin aikin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya lalace a Monrobiya ya yi watanni a can, ya dawo Legas a 1998 da inji ɗaya.

Ta fuskar makamai, a ranar da ya iso babu kamarsa a Afirka ta Yamma. A gaba igwar OTO Melara mai bakin milimita 127, mai harbi wajen 40 a minti, da ganguna uku masu riƙe harsashi 66 a shirye. Tagwayen bindigogin Breda na milimita 40 guda huɗu don kakkaɓo abin da ya matso. Makamai masu linzami na Otomat guda 8 don jiragen ruwa, kowane da kan da ya kai kilo 210. Maharbar Albatros mai baki takwas da makaman Aspide 24 don jiragen sama. Bututun tofido, makamin da ke gudu a cikin ruwa, guda shida, uku a kowane gefe, da fili da rumfar helikwafta ƙirar Lynx a baya.

A cikin waɗannan, igwa da bindigogi su suka fi cancantar yabo, don ƙarfe ne da haidurolik da lantarki, in ana shafa musu mai ana motsa su, suna daɗewa. Makami mai linzami kuwa kamar magani yake, da ranar lalacewarsa yake zuwa. Daskararren makamashin da ke cilla shi yana tsagewa in ya tsufa, batirinsa na mutuwa, idon da ke neman abokin gaba na son gwaji da saiti. Bayan wasu shekaru dole a mayar da shi masana'anta a sabunta, in ba haka ba ya zama kaya a cikin akwati, mai haɗari ga wanda ya harba fiye da wanda aka harba wa. Aspide kuma ba ya gani da kansa: sai radar jirgi, STIR ko WM-25 na kamfanin Signaal, ta haska masa abin da zai bi har ya isa. Rada ta mutu, makaman 24 sun mutu tare da ita.

Ga abin da ba a cika kawowa a lissafi ba, alhali shi ke kashe radar: na'urar sanyaya ruwa. Duk akwatunan lantarkin nan da ruwan sanyi suke rayuwa. Kwamfaresa ta tsaya, ko janareto ya riƙa kawo wuta tana hawa tana sauka, zafi da laima su shiga akwati, gumi ya kwanta a kan allunan lantarki, tsatsa ta ci bakin wayoyi. Jirgin da aka ɗaure a tasha aka kashe masa sanyaya don tsimin mai, watanni kaɗan sun isa ya rasa idonsa da kunnensa, ko da fentinsa na ƙyalli. Helikwaftocin Lynx uku da aka saya su ma ƙarshenta a ƙasa suka zauna, su ne kuwa hannun da jirgin ke miƙawa nesa wajen farautar jirgi mai nutsewa.

Babban rauni a cinikin, a ganina, ba ya cikin kowane inji. Jirgi ɗaya ne, iyayen gijinsa barjat. Jiki da dizal da sona na Jamus. Tabain da radar bincike ta Plessey da helikwafta na Ingila. Igwa da makamai masu linzami da tofido na Italiya. Na'urorin sarrafa wuta na Holan. Kowace ƙasa da kwangilarta, da kuɗinta, da takardar izinin fitar da kayan yaƙi. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ƙasashen Turai suka fara janye hulɗar soja, bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa a Nuwamba 1995 Tarayyar Turai ta sa takunkumin makamai, ba a ɗage ba sai 1999. Duk ƙasashen nan huɗu a lokacin suna cikin Tarayyar, ƙofa ɗaya aka rufe ta toshe su duka. Ajantina ta ɗanɗani irin wannan: jiragenta huɗu da injunan Rolls-Royce suke tafiya, bayan yaƙin Falklan da ta gwabza da Ingila a 1982 kuwa kayan gyara daga Ingila suka zama abin nema.

Amma Ajantina huɗu ta saya, kuma nan ne bambancin. Masu harkar jiragen yaƙi na da lissafin da suka daɗe da shi: in kana son jirgi ɗaya a teku kullum, sayi uku, ɗaya na aiki, ɗaya na horo, ɗaya na gyara. Mai huɗu in ya matsu zai kwance famfo daga wannan ya ɗaura wa wancan, ma'aikatan da jirginsu ke gyara su hau ɗan'uwansa hannunsu bai yi sanyi ba. Aradu ba shi da ɗan'uwa. Ranar da ya shiga gyara, duk ƙasar ba inda matuƙi zai koyi sarrafa jirgi mai wannan girma da nutsewa, ba inda injiniya zai taɓa Olympus mai rai. Ya fito bayan shekaru, waɗanda suka san shi an yi musu canjin wurin aiki ko sun yi ritaya. Wanda ya dubi kafewar 1994 ta wannan fuska ba zai yi mamaki sosai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka a ba shi haƙƙinsa, a ba waɗanda suka tashe shi nasu. Bayan an gama yanke masa ƙauna, an gyara shi a Legas ya tafi Ingila da ƙafarsa, ya tsaya a sahu ranar 28 ga Yuni 2005 a mashigin Spithead, cikin jiragen ruwa sama da 160 da Sarauniya Elizabeth ta duba a bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. A Agusta 2007 ya bar Legas tare da NNS Nwamba, ya bi ta Monrobiya da Dakar, ya ƙetare teku zuwa bikin sojojin ruwan Brazil a Rio de Janeiro, ya dawo. Waɗannan tafiye-tafiye sun tabbatar da jiki da dizal da ƙwazon injiniyoyi. Ba su tabbatar da makamai ba, faretin teku ba ya neman a harba komai. Bayan nan ya koma zaman tasha, aikin sintiri mai nisa ya koma hannun tsofaffin jiragen da aka karɓo daga masu tsaron gaɓar Amurka: NNS Thunder, wanda a da sunansa Chase, aka miƙa shi a 2011, da NNS Okpabana, tsohon Gallatin, a 2014. Abin dariyar, Thunder ma aradu yake nufi. Dukansu sun girmi Aradu da shekara fiye da goma, makamansu ba su kai rabin nasa ba, amma aikin da Mashigin Gini ke nema, wato korar 'yan fashin teku da ɓarayin mai da masu satar kifi, kwanaki a teku yake so da ƙaramin kwalekwale mai gudu da helikwafta, ba Otomat ba.

To wa ya dace da irin wannan haja? Ƙasar da za ta sayi aƙalla biyu ko uku, ta sa hannu kan kwangilar kayan gyara da horo ta shekaru tun ranar ciniki, ta ajiye zuciyar tabain ta canji, ta kuma san cewa kuɗin riƙe jirgin yaƙi tsawon rayuwarsa ya fi kuɗin sayensa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga mai wannan hali, MEKO 360 ciniki ne mai kyau a zamaninsa. Ga wanda zai sayi ɗaya tilo ya jira kasafin baɗi, jirgin sintiri mai dizal zalla, da igwa ɗaya da rada ta kasuwa, zai ba shi kwanakin teku ninkin-ba-ninkin.

A Yuni 2023 rundunar ta sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya kan sabunta Aradu, kamfanin da tun 2021 aka ba shi aikin ƙera mata jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76. Turkiyya ce ƙasar farko da ta sayi MEKO 200, saboda haka tsarin ba baƙo ba ne a can. Mai son auna irin wannan gyara kada fenti da sabuwar igwa su ɗauke masa hankali. Ya tambayi awon kaurin ƙarfen jiki, musamman gindin tankuna da layin da ruwa ke tsayawa, inda tsatsa ta fi ci. Ya tambayi ko an zare sandunan farfela an sake saita su, ko an sauya bututun ruwan teku da dunƙulen tutiya masu kare ƙarfe, ko wayoyin lantarkin da suka haura shekara 40 an fitar da su ko kuwa sababbin na'urori aka jona a kansu. Ya tambayi janareto nawa da na'urar sanyaya ruwa nawa aka saka sababbi. Sai babbar tambaya, makomar Olympus biyun nan: masana'anta ta daɗe da daina ƙera su, rundunar ruwan Ingila ma ta sallami jiragenta na ƙarshe masu amfani da su. In an bar su, daga ina kayan gyaransu za su fito, in kuma an cire su aka bar dizal kaɗai, jirgin zai rasa gudun not 30, ya samu fili da sauƙin nauyi da ragin kuɗin mai, kuma sai an sake lissafin daidaiton zamansa a ruwa tun daga tushe, don nauyin da aka cire daga ƙasan jirgi yana ɗaga cibiyar nauyinsa sama.